Kifi a Kwalbar Awon Ruwa

Tun da kuka tare ƙofar gidana kuna dariya, wai aikin da na yi har furfura ta cim mini bai wuce leƙa kwalba ba, to ku gyara zama. Na ji ɗayanku ma yana cewa da shi ne da a kwance zai riƙa yi, tunda yanzu wayar hannunsa ke faɗa masa ranar da za a yi ruwa. Wayarka abin da take tsammani take faɗa maka, ni kuwa abin da ya taɓa ƙasa nake bi, kuma tsakanin hadari da ƙasa akwai tafiya mai nisa.

Sunana Altine, haifaffen Tambuwal. Malamin awon ruwan sama ne ni a ofishin gona na En'e, tun Turawa na nan har bayan sun naɗe tabarmarsu aka bar mu da gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna. Daga Jabo har Kebbe ba mai kirana Altine, sai dai Malamin Ruwa. Wasu kuwa sun ɗauka ni ke rabawa, don haka in damina ta yi kyau a tare ni da fura, in ta ƙi a amsa sallamata a daƙile.

Wanda ya koya mini aikin Malam Labbo ne, wani ɗan guntun mutum mai cin taba gari, wanda ya riga kowa fara wannan sana'a a ƙasarmu. Ranar da aka kai ni wurinsa na zaci gilashi zai miƙo mini. Kalme ya miƙo mini, wato fartanya. An kwana ana ruwa, sai ya kai ni bayan gari ya ce in haƙa har in tarar da busasshiyar ƙasa. Na haƙa a jigawa, danshi ya kai gwiwar hannu. Ya ce in matsa kan fako in sake, na tarar bai kai tsawon yatsa ba. Ya tofar da tabarsa ya ce ruwa ɗaya ne ya sauka a wuraren nan biyu, amma wanda ya shuka a nan zai yi dariya, wanda ya shuka can zai sake neman iri. Haka na yi kusan rabin damina ina haƙe-haƙe kamar gafiya kafin ya yarda in taɓa ma'aunin.

Ma'aunin kansa ba wani abin kallo ba ne. Gwangwani ne na tagulla mai tsawon kamu guda, a bakinsa akwai mazurari, a cikinsa akwai kwalba. Ruwan da ya faɗa mazurarin ya gangara kwalba, da safe ka juye shi a wani siririn gilashi mai zane-zanen inci, ka karanta. Nan ne kuke ganin sauƙi. To ruwa a cikin gilashi ba ya kwanciya miƙe, yakan lanƙwasa kamar jinjirin wata, kuma ƙasan lanƙwasar ake karantawa. In ka karanta a tsaye ka ƙara masa, in ka ɗaga gilashin sama ka rage masa. Duk ranar da Malam Labbo ya kama ni ina karatu a tsaye sai na sha ranƙwashi.

"Altine, ruwa sarki na," in ji shi. "Ba a karanta shi tsaye, sai an durƙusa mai."

Wurin kafa shi ma ilimi ne. Ba a kusa da itace ba, kada ganye ya sha rabonsa ko ya ɗiga masa abin da ba nasa ba. Ba a jikin katanga ba, don iska na karkatar da ruwa. Sai a fili, a daidaita bakinsa tsaf, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, waɗanda ban taɓa ganin maƙiyan ilimi irinsu ba. Bayan ma'auni ina da igiya mai ƙulli-ƙulli, kowace gaba ƙulli guda, da dutse a bakinta, ta auna zurfin rijiya. Ina da kalmen nan. Ina da baƙin keke wanda tayarsa ta fi rigar mahaukaci faci, domin hanyar Kebbe a lokacin rabi yashi ce, rabi ƙaya. Akwai ranakun da ni nake hawan keken, akwai ranakun da shi ke hawana.

Tafiyata ta farko ni kaɗai zuwa Jabo ita ta buɗe mini ido. Ina fita Tambuwal hadari ya haɗo, ya sauke mini ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba wurin fakewa. Na jiƙe sharkaf, har hular kaina ta zama soso. Ban yi nisa ba sai na ga ƙasa ta koma fara fat, kamar an ja layi da sanda. Na shiga Jabo ina ɗigar ruwa, na tarar da jama'a sun dawo daga roƙon ruwa, ƙafafunsu duk ƙura. Suka tsaya suna kallona kamar wanda ya fito daga rijiya. Wani tsoho ya kama hannuna ba tare da gaisuwa ba, ya ja ni bakin gonarsa, ya tsayar da ni kan wani tsiron gero da ya fara lanƙwashewa, ya kama gefen rigata yana matsewa.

"Tsaya nan, ɗana," ya ce. "Kak ka bushe banza."

Da na ba Malam Labbo labari ya yi dariya har taba ta sarƙe shi. Ya ce yanzu na fara aiki. Ya ce mutane na cewa an yi fari kamar fari bargo ne da ke rufe ƙasa gaba ɗaya, alhali tsallake yake yi. Ya ƙone wannan gari ya bar wancan, bana ya kama tudu baɗi ya sauka fadama. Shi ya sa ma'auni ɗaya ba ya gaya maka komai. Sai ka jera na Tambuwal da na Jabo da na Kebbe da na Fakku, ka duba na bana ka tuna na bara, sannan ka ga inda farin ya sa ƙafa da inda ya nufa. Kuma jimillar ruwa ba ita ce damina ba. Ruwan da ya zubo rana ɗaya ya cika tafki sannan ya ɗauke har tsiro ya mutu, bai kai ɗan kaɗan da ke zuwa a kai a kai ba. A takarda duka biyun suna iya zama lamba ɗaya, a rumbu kuwa ba su yi kama ba.

Tunda ba zan iya kwana a kowane gari ba, kowane ma'auni yana da mai tsaronsa. Wani wuri malamin makaranta ne, wani wuri malamin asibiti, a ƙananan ƙauyuka kuwa mai gari da kansa. Su ke aunawa da safe su rubuta, wani da boko wani da ajami, su aiko mini ta hannun masu zuwa kasuwa. Ni kuma in zagaya in duba kayan, in haƙa ƙasa, in zura igiya a rijiya, in haɗa duka in aika Sakkwato.

A nan na sha kallo. A wani ƙauye suka ƙi a kafa, wai kwalbar Bature ce da za ta riƙa tara ruwansu ana aikawa Ingila. Sai da na juye ruwan a gindin kukar masallaci a gaban kowa, na rantse haka zan riƙa yi, sannan suka yarda. A wani ƙauyen kuma na je na tarar babu mazurari. Aka yi cigiya har aka gaji, sai ƙamshin ƙuli-ƙuli ya kai ni gidan wata tsohuwa, Inna Ige, na same ta tana ɗura man gyaɗa da shi hankali kwance. Ta ce ai ta ga rani ne, abin yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, kuma ba ta taɓa samun mazurarin da ba ya zubar mata da mai irin wannan ba. Muka yi yarjejeniya: nata ne har shamuwa ta dawo, daga nan na gwamnati. Ba ta taɓa saɓawa ba, sai dai ruwan farko na garin kullum da maiƙo yake zuwa.

Masu zuwa wurina kuwa kala-kala ne. Manomi ya tare ni ya tambaya ko ruwan jiya ya isa shuka. Mai binne, wato wanda ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, ya tambaya ko yayyafin nan zai ruɓar masa da iri. Fataken hatsi su saya mini goro suna zagaye-zagaye don su ji inda damina ta ƙi. Fulani kuwa tambayarsu ɗaya ce, ina ciyawa ta fito. Ranar da aka samu mulkin kai ma, ana kaɗe-kaɗe a Tambuwal ana ɗaga tuta, wani dattijo ya ja ni gefe ya ce tunda Turawa za su tafi, in yi wa Allah in faɗa masa gaskiya, ina suka ɓoye sauran ruwan shekarun baya.

To bari in zo kan muguwar shekarar, wadda ta zo ba da daɗewa ba bayan mulkin kai, lokacin Malam Labbo ya ajiye aiki ya koma gonarsa.

Shekarar ta fara da kyau, shi ne mugun abin. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi, gero ya fito kore shar. Sai sama ta kulle. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta zo ta watsa shi. Tsiro ya ƙone. Aka samu ɗan yayyafi, mutane suka sake shuka da ragowar iri, shi ma ya bi na farko. Takardun da ke zuwa mini daga arewacin yankin kusan duk babu komai a cikinsu, igiyata kuma kullum sai ta ƙara cin ƙulli kafin dutsen ya taɓa ruwa. Daga kudu, wajen Fakku, ana ɗan samu. Ofishin gona ya aiko cewa za a kawo irin wake da gero mai saurin nuna don a sake gwadawa, amma ba zai ishi kowa ba, za a fara da garuruwan da awo ya nuna sun fi ƙonewa.

Cikin wannan hali akwai ƙauye ɗaya da ruwa bai taɓa yanke masa ba, a takarda. Jikokinsu na nan da rai, don haka mu kira shi Tungar Gawo. Yana tsakanin Tambuwal da Kebbe, kuma mai garinsa, Magaji Moyi, shi ke tsaron ma'aunin. Dogon tsoho ne mai son girma, idonsa ya fara rauni, amma bakinsa garau. Kusa da su akwai Tungar Kanya, mai garinsu Baba Tankari. Garuruwan biyu abokan wasa ne tun kakanni, ba a haɗuwa a kasuwa sai an yi wa juna tsiya. Tankari ya daɗe yana cewa hadari in ya zo saitin Tungar Gawo toshe hanci yake ya wuce. To a shekarar nan Tungar Kanya ba ko ɗigo, takardar Magaji kuwa yau rabin inci, jibi kusan inci guda. Ranar kasuwar Kebbe yakan zauna a rumfar masu goro yana faɗa wa duk mai kunne cewa su kam alhamdu lillahi. Mutanensa da ke wurin su sunkuyar da kai, don ba mai son ya ƙaryata mai garinsa a gaban 'yan Tungar Kanya.

Za ku ce me ya hana ni ganewa tun farko. Wanda aka matse wa riga a Jabo ba ya saurin cewa ƙarya ne. Ruwa na iya zaɓen gari ɗaya ya bar maƙwabcinsa. Amma ya zaɓe shi sau ɗaya, sau biyu, har ya zama kamar ya auri 'yar garin, wannan kam sai an je an gani. Na kwana Kebbe, na yi asubanci, hantsi bai ɗaga ba na iso.

Tun daga nesa na ji kukan shanu. Gonakin da na ratsa ja wur suke, tsiron gero ya zama kamar gashin tsohuwar tabarma. A bakin rijiyar garin, wadda ita kaɗai ta rage musu, na hango garke guda tsaye, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje, ga mata da tuluna a gefe ɗaya, ga makiyaya da sanduna a ɗaya gefen, murya ta fara tashi. Ardo Buba ne da mutanensa. Na san shi, mutum ne mai sanyin magana. A kasuwa ya ji labarin garin da ruwa bai yanke ba, ya kwaso dabbobinsa ya yi kwanaki yana tafiya, ya bar hanyar kudu ya nufo nan.

Ban tsaya wurinsu ba, na zarce wurin ma'auni, don ƙa'idar aiki ce ka fara ganin kayanka kafin ka ji bakin kowa. Ƙasar da ke kewaye da shi busasshiya ƙamas. Na taɓa mazurarin, ƙura ce a cikinsa. Na ɗaga shi, na zaro kwalbar, sai na ji ta da nauyi. Ruwa ne har wuya. Na ɗaga ta saitin rana, sai na ga wani abu ya juya a ciki. Ɗan tarwaɗa ne kamar ƙaramin yatsa, da gashin bakinsa, yana iyo abinsa yana kallona.

Na yi shekaru ina wannan aiki. Na tarar da kunama a kwalba, na tarar da ƙadangare, na tarar da man gyaɗa. Ban taɓa tarar da kifi ba. Na zauna a ƙasa na yi dariya ni kaɗai har hawaye, sannan na tuna da shanun da ke bakin rijiya da irin da za a raba, dariyar ta tsaya.

Abin da ya faru a bayyane yake. Tafkin garin ya ƙafe saura ɗan kududdufi, mata na ɗebo ruwansa suna zubawa a randa. Magaji ya kamfato da ƙwarya da sassafe, idonsa bai ga baƙon ba, ya ɗaga mazurari ya ɗura. Kafin ya auna sai ga shanu, ya tafi rabon faɗa.

Na ɗauki kwalbar da mazurarin na nufi rijiya. Na tarar Ardo yana tambayar Magaji cikin ladabi ina ruwan da aka ce, Magaji kuma yana ta kame-kame, wai a gonakin gabas ya fi sauka. Wani saurayin garin ya riƙe igiyar guga ya ce saniya ba za ta sha ba sai tulun uwarsa ya cika, wani makiyayi kuma ya gyara riƙon sandarsa. Na gaida Magaji, na durƙusa kamar yadda ya kamata, na miƙa masa kwalbar na ce ranka shi daɗe, ga ruwan jiya, amma ya zo da baƙo. Ya kai ta kusa da idonsa. Kifin ya kaɗa wutsiya.

"Ikon Allah na, Malam," in ji shi. "Wanda yas saukar da ruwa, kifi ba ya gagara tai."

Na ce haka ne, ba mai musun ikon Allah. Sai dai duk abin da ya sauko daga sama ta mazurarin nan yake bi. Na juye kifin a tafin hannuna, na sa shi a bakin mazurarin. Kansa ma bai shiga ramin ba. Ya tsaya a nan yana mutsu-mutsu, jama'a sun yi zobe suna kallo, Fulani da mutanen gari kafaɗa da kafaɗa, an manta da guga.

Na matsa kusa da shi na yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji. Na ce ana rabon iri, kuma awo ake bi. A takarda Tungar Gawo ta fi kowa ruwa, don haka ita ce ta ƙarshe, in ma an kai gare ta. Ni zan rubuta abin da na gani a ƙasa da rijiya, amma takardunsa na hannunsa suna can ofishin gona sun riga ni, kuma kafin a warware wace ce gaskiya lokacin shuka ya wuce. In shi da bakinsa ya janye su, magana ta ƙare yau.

Ya dubi matan da ke tsaye da tuluna, ya dubi wata saniya da ta durƙushe ta kasa tashi. Mutum ne da zai gwammace ya kwana da yunwa da a ce Tankari ya yi masa dariya. Sai ya gyara rawaninsa, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku ji. Ni dai ban taɓa rubuta ƙarya ba. Abin da nig gani cikin kwalba shi nika rubutawa." Ya ɗan tsaya. "Amma hadarin da ka zuba shi, ni na."

Wata tsohuwa ce ta fara dariya, ta saki tulunta ta riƙe ciki. Daga nan wuri ya ɓarke. Saurayin da ya riƙe guga ya zauna a bakin rijiya yana share hawaye. Ardo Buba, wanda ya yi asarar kwanaki da ƙarfin dabbobinsa, ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na girgiza. Da ya samu numfashi ya ce shekararsa sittin yana bin hadari, bai taɓa cim masa yana tsaye da ƙafa biyu ba sai yau.

Aka zauna aka raba ruwan rijiyar, mata su fara cika tuluna, sannan a ɗura wa shanu a komi. Ni kuma na zana wa Ardo ƙasa da tsinke. Na nuna masa inda na haƙa a makon nan na tarar da danshi har gwiwar hannu, kudu da Kebbe wajen Fakku, da rijiyoyin da igiyata ta nuna suna da sauran ruwa a hanya, da waɗanda kada ya ɓata ƙafarsa. Ya tashi da la'asar. Shanu biyu suka kasa tafiya, Magaji ya ce a bar masa su, shi ya jawo su, shi zai yi jinyarsu. Ɗaya ta mutu bayan kwana kaɗan. Ɗayar ya riƙa ba ta dusar gidansa da harawar da ya ɓoye wa dokinsa har ta miƙe. Ardo ya isa kudu, ya rasa wasu a hanya, amma garken ya tsira.

Magaji ya sa hannu a takardar janyewa, na hau keke ban tsaya ba sai Tambuwal. Sunan Tungar Gawo ya shiga cikin na farko. Sai dai kason da ya iso bai kai ya rufe gonakinsu ba, don garuruwan da suka ƙone suna da yawa. Ana cikin jimamin haka sai ga Baba Tankari da jakai biyu. Labari ya riga ya kai masa, har da tsawon kifin. Mutanensa sun tara ɗan abin da ya rage musu na irin wake sun raba biyu. Ya tsaya ƙofar gidan Magaji ya yi sallama, ya ce ya zo gaida Hadari, ya kawo ɗan abin sadaka ko za a taimaka a ratsa ta garinsu wata rana. Magaji ya fito, ya karɓi waken, ya ce Allah ya isa, sannan ya sa aka dama masa fura.

Aka binne irin a busasshiyar ƙasa, aka zuba ido. Ranar da ruwan gaske ya zo ina garin, na je duba rijiya. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, kowa ya ce yau ma watsewa zai yi. Sai ɗigo ya fara faɗuwa manya-manya. Magaji ya fito da gudu, tsoho da shi, ya aika a kira Tankari da ke garin wajen wani suna, ya ce ya zo ya zama shaida. Magaji ya je nesa da ma'aunin kamar taku ashirin, ya zauna a fili cikin ruwa, ya ɗaga hannuwansa biyu sama yadda kowa zai gani.

"Ku duba da kyau," yake cewa. "Hannuna wofi. Wanga ba nawa na ba."

Aka roƙe shi ya shiga zaure ya ƙi. Matansa suka aiko da malfa ya ƙi, wai kada a ce ya tara a ciki. Haka ya zauna har ruwan ya ɗauke, rawani ya jiƙe ya zubo masa a kafaɗa, yara da manya suna tsalle a cikin taɓo. Ya ce lallai sai na auna a take, ba sai da safe ba. Na durƙusa, na karanta, ya haura inci guda. Tankari ya sa baki ya ɗanɗana, ya ce wannan kam na sama ne.

Ba a yi damina mai kyau ba, kada in yi muku ƙarya. Geron bai yi wani abin kirki ba, waken ne ya riƙe su, da shi da ganye da ɗan abin da samari suka samo a cin rani. Amma ba wanda ya tashi daga garin, kuma da kaka Ardo ya biyo ya karɓi saniyarsa da ƙiba. Magaji kuwa mura ce ta kama shi daga zaman nan, ya yi kwanaki yana atishawa mai ƙarfi har ana ji a bayan katanga. Duk wanda ya fito daga Tungar Gawo ya shiga Tungar Kanya a makon nan, sai Tankari ya tare shi ya ce sun ji ana tsawa daga wajensu, su fito da sungumi ko su ɗan dakata.